Farashi da Fensir

Na daina rubuta farashi da biro.
Biro na masu tabbas ne.
Fensir nake saƙalawa a bayan kunne,
magogi a aljihun gaba,
in buɗe kantin ƙusa da kwaɗo da fenti
a nan Rosario, tun hazo bai bar kogin Parana ba.

Ƙarfe bakwai rediyo ya ce, da muryar mai ƙoshi,
hauhawar farashi ta yi sauƙi a wannan wata.
Na dire ɗan duman shayin mate,
na ce to madalla,
na jawo akwatin ƙusa 'yar inci uku in rage mata.

Jikata Itati ta riƙe min hannu.
Ita ce mai karatun tattalin arziki a jami'a.
"Kaka, ba sauka ya yi ba,
hawan ne ya rage gudu."
Na ce, wato ɓarawon da ke zuwa a guje
yanzu takawa yake, hannu a aljihu, har da fito?
Ta yi dariya, ta ce kusan haka.
Na ce, amma dai gidana ya nufo?
Sai ta shiga goge gilashinta.

Tana da kalmomi yarinyar nan:
giɓin kasafi, kuɗin ruwa, darajar feso,
dala mai fuska biyu, ta banki da ta lungu.
Takan zana min layi yana hawa, wani yana gangara,
inda suka haɗu ta ɗiga masa tawada.
Ni kuwa layin da na sani
shi ne na 'yan fansho a ƙofar banki,
kuma ban taɓa ganin ya gangara ba.

Ran Juma'a Fulgencio Ojeda, magini,
yana karɓar lada ya zarce wajen masu bulo.
Ba gini yake ba. Jibgewa yake a bayan gida,
har itacen lemonsa ya rasa rana.
Ya ce min, Evaristo, bulo ba ya sauraren labarai;
yadda ka bar shi da dare haka za ka tarar.

A aljihun tebur na ƙasa akwai kuɗin mahaifina,
ɗaure da roba da ta narke ta manne musu.
Na ga kuɗi sun mutu, ba sau ɗaya ba.
A yanke musu sifili kamar farce,
a raɗa musu sabon suna,
mu kuma mu yi ta taya murna.
Kusa da su akwai ƙusar da ya saya a shekarar.
Jiya na buga ɗaya a ƙafar benci. Ta kama.

Da la'asar jiragen ruwa ke wucewa,
cikinsu dam da waken soya, sun nufi teku.
Itati ta ce su ke kawo wa ƙasa dala.
Na yarda. Ina dai kallo:
duk wannan arziki ta ƙofarmu yake bi,
ko sallama babu.

Dab da rufewa Nelida Barrios ta shigo,
wadda mijinta ya rasu a hunturun bara.
Kwaɗo take so na ƙofar baya.
Ta zube kuɗin a kan kanta, an ƙirga su tun gida,
daidai da farashin Litinin.
Yau Alhamis.
Na dubi takardar, na ce haka ne, bai motsa ba.

Da ta fita Itati ta ce,
"Da wannan kuɗin ba za ka iya sayo wani ba."
Na sani. Shekara arba'in ina sani.

Na zare fensir in gyara na gobe,
sai na ga takardar ta huje saboda guga.
Ta ramin ina hango katakon kantar,
da wata tsohuwar lamba da mahaifina ya rubuta,
shi da biro.