Hunturun Kuikka

Hunturu talatin da ɗaya
Veikko bai bar shi ya kwana a tudu ba.
Kuikka, jirgin katako, taku ashirin da biyu,
fari a sama, ja a gindi.

Idan Oktoba ta raba tsakiya
maƙwabtanmu na gaɓar Hanko sukan kira motar ɗaga kaya,
a jera jiragensu kan turaku, a ja musu tamfol har ka,
kamar majinyata a ɗakin asibiti.
Shi kuwa sai ya ƙara igiya biyu,
ya jefa injin kumfa ƙarƙashin gadar katako,
ya dawo gida yana hura tafin hannu.

"Katako da ruwa ya saba," in ji shi.
"Ɗora shi a tudu, iska ta tsotse shi,
ya rame, haƙarƙari ya buɗe."
Ni kuma in miƙa masa takardar kuɗin wuta:
"Ga abin da kumfarka ta ci a Disamba."
Sai ya ninke ta huɗu
ya tokare ƙafar tebur da ita.

Akwai wani daren Janairu da wuta ta ɗauke.
Ƙarfe biyu ya zabura, ko takalmi bai tsaya ɗaurewa ba.
Na bi shi da fitila.
Teku ya daskare iyakar ganin ido,
ƙanƙara ta kama jirgin a ƙugu tana matsawa,
yana kuka irin na tsohon ƙyaure.
Da gatari ya zagaye shi, sara kan sara,
numfashinsa na daskarewa a gemu.
Na zage shi a daren nan, zagi ba na wasa ba.
Ya ce, "Aune, haska nan."
Na haska.

A Satumba muka kai shi makwanci.

Da Oktoba ta zo ban nemi shawarar kowa ba.
Reino ya zo da motarsa,
ya zura ɗamara biyu ƙarƙashin cikin jirgin,
ya tashi sama yana tsiyaya,
gansakuka na reto a gindinsa.
Na zubar da ruwan inji, na kai batir ɗaka,
na ɗaure tamfol da ƙullin da shi ya koya mini.

Ba zan ɓoye ba, na yi barci a hunturun nan,
barci har da minshari.
Gatari bai bar bayan ƙofa ba.
Kuɗin wuta ya sauko.
Tebur dai yana ta ɗingishi, na ƙyale shi.

A Maris na kafa tsani, na kutsa ƙarƙashin tamfol.
Ina zama a ciki sai ga rana
tana shigowa ta tsakanin katakai,
siririya kamar zare,
layi-layi a bayan hannuna.
Na zura wuƙar cin abinci a tsaga ɗaya.
Ta wuce salin-alin.

Reino ya ɗaga kafaɗa.
"Haka suke. Mayar da shi a Mayu,
zai sha kwana uku, ya kumbura, bakin ya rufe.
Na ruwa, ruɓa ke cinsa a ɓoye.
Na tudu, ƙishi.
Kowa da cutar da ya zaɓar wa nasa."

Yau kwana na biyu ke nan.
Ina zaune a ciki, ruwa har idon sawu,
da shuɗin bokitin da ya fashe a baki.
Jiya duk minti goma nake kwasa.
Yau sai na sha gahawa, na ƙirga agwagin da suka dawo,
kafin ya sake taruwa.
In na dafa katakon ina jin sanyinsa,
ina jin yadda yake cika.

Injin kumfa yana nan a ɗakin ajiya,
wayarsa a naɗe yadda ya bar ta.
Sau biyu Reino ya taya, ban sallama ba.
Oktoba da sauran wata biyar.