Allon Tsoho Garbutt

A Yorkshire, bakin makiyayar tumaki,
tsoho Garbutt ya kafa allo: trespass haramun ne.
Jikarsa Elspeth, mai karatun lauya, ta murmusa:
"Kaka, kutse a gonar wani shi ne trespass,
saɓa yarjejeniya breach,
tauye haƙƙi infringe,
doka kuwa violate ake yi mata."

Da dare kogi ya cika ya batse,
ya fasa madatsa, ya shigo ba sallama.
Gari ya waye, tsoho na tsaye, laka har gwiwa,
allonsa na lilo bisa ruwa.

"To, lauya, wannan fa?"
"Shi ma breach ne, Kaka."
Ya daɗe yana duban ambaliya.
"Ni da kogi, yaushe muka sa hannu a takarda?"