Farin Abin da Na Cire

A Suwame, bayan layin masu walda,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta daina shan ruwa,
aka sauke mana tarakta daga Ejura.
Ja ce a da, yanzu launin goron da aka tauna.
Ta girmi ubana. Fetur take sha.

Mai ita, Maame Serwaa, ta ce da Maigida Gariba:
"Masara ba ta jiran bakanike."
Ta danne sidi da dutse a kan taya, ta kama hanya.

Maigida ya tafi jana'iza Aboabo,
ya bar ni da sufana, da waya, da girman kai.

Na duba. Ga kwayil, baƙin gwangwani,
mai karɓar 'yar wuta daga batir,
ya murɗa ta cikin dubban zagayen tagulla
har ta fito shuɗiya a bakin filogi.
An haife shi a zamanin bolt shida.
Wani, wata shekara, ya ɗora masa sha biyu,
ya sa wani farin abu a tsakani
kamar guntun alli.
Rezista.

Na ce, wannan ai ɓarawo ne.
Ya tsaya a hanya yana cin rabin wuta,
bai juya komai, bai kunna komai,
sai zafi kawai.
Na cire, na haɗa waya da waya,
na wurga shi gwangwanin kusoshi.

Ku zo ku ji tashi! Bugu ɗaya.
Yaran Kwabena mai fenti har da tafi.
Ranar na ci shinkafa da wake, na ce a sa ƙwai biyu.

Kwana huɗu.
Na biyar, wayar Maigida ta riga ladan.
Ta mutu a tsakiyar gona, garma a cikin ƙasa,
kwayil ya kumbura yana zubar da mai,
kwantak ya ƙone ƙurmus,
ga hadari yana haɗowa.

Maigida bai zage ni ba. Da ma ya zaga.
Ya zazzage gwangwanin a kan buhu,
ya tona da yatsan da fanka ta gutsure,
ya ɗauko shi, ya hure,
ya sa a tafina, ya naɗe min yatsuna a kai.
"Kuɗin mota daga aljihunka."

Na wuce Mampong da sabon kwayil a cinya,
farin abin yana sukata ta aljihu.

A gona ba wanda ya amsa sallamata da kyau.
Na ɗaura, na mayar da shi mazauninsa,
ƙusa biyu, waya biyu.
Bugu ɗaya, shiru.
Biyu, tari.
A na uku ta kama, a hankali, kamar tsohuwa ta tashi daga tabarma.

Maame Serwaa ta hau, ba ta dube ni ba.
Kafin ta ja, na kai yatsa na taɓa shi.
Yana aikinsa, yana ƙin abin da ya yi yawa.
Tabon yana nan. Da shi nake riƙe sufana.