Lamba Arba'in da Bakwai

A takardunki, Dakta Oyarzo, ni ne Lamba Arba'in da Bakwai.
A Valparaíso kuwa Nibaldo nake,
mai tuƙa tsohon taragon da igiyar ƙarfe ke ja,
daga bakin teku zuwa ƙwanƙolin tudu,
in hau, in sauko, har rana ta faɗa ruwa.

Ina ɗan sha tara rediyo ya fara kiran sunana.
Ba kowane ba, na kicin ɗin uwata,
ko da an zare shi daga bango.
Tsuntsayen tashar jiragen ruwa
na rantse takuna suke ƙirgawa, su kai rahoto.
Na liƙe tagogi da jarida.
Kwana goma sha ɗaya barci bai leƙo ɗakina ba.

Uwata Fresia ta bar kifinta a kasuwa,
ta jawo ni da hannu mai ƙarni
zuwa ɗan ofishinki na bayan asibiti,
inda kujera ɗaya ke ɗingishi.
Ba ki ce mini ƙarya ne ba.
Ba ki ce gaskiya ne ba.
Kika ce, "Yaushe muryar ta fi ƙarfi?
Me kake yi idan ta yi sauƙi?"
Ban taɓa lura cewa tana yin sauƙi ba.

Kika danna rakoda. Kaset ya juya.
Duk Laraba yana juyawa, shekara biyu.

Daga baya na gane abin da kike farauta.
Garinmu ƙasa na girgiza shi,
kowa ya san gini ba ya faɗuwa bai tsage ba.
Ke tsagar kike nema,
siririya kamar gashi,
tun ƙadangare bai samu wurin shiga ba:
ɗalibar da ta daina fita,
yaron da ya fara jin ana zancensa a bas.

Shekara talatin da ɗaya.
Sau biyu kuɗin bincike na ƙarewa,
kika riƙa sayen kaset da albashinki.
Mujallu suka maido miki da takardu,
wai alƙaluman sun yi kaɗan.
Kika ƙara shekara shida, kika sake aikawa.
Kuma ba ki ɓoye abin da ya gagare ki ba:
da yawa cikin masu tsagar ba su taɓa rushewa ba,
har yau ba ki iya nuna wa da wa tun farko.

Akwai Lamba Hamsin da Biyu.
Ismenia, mai dariya da hannu a baki,
muna haɗuwa a benci.
Wata Laraba bencin ya zama nawa ni kaɗai.
An ce fayil ɗinta bai taɓa barin teburinki ba.

Yau sai ga ki a layin fasinjoji,
kanki fari fat, kwali a ƙirji,
an sallame ki da fure da jawabi.
Kika miƙo kuɗin tikiti, na rufe miki hannu.
Sai da muka kai rabin tudu,
rufin kwanon gidaje ya koma ƙasa da mu,
kika dube ni ta saman tabarau:
"Muryar fa?"

Tana nan, Dakta. Ta tsufa.
Kamar maƙwabciya mai mita ce yanzu,
in gaishe ta, in sha ƙwayata, in tafi aiki.
Ina da 'ya, aji uku take.
Ina kallon barcinta fiye da kima, na sani.

Kika laluba aljihu neman biro,
kika tuna, kika yi dariya.

Tarago ya tsaya. Na riƙe miki kwalin.
Nauyi gare shi,
ashe haka muryoyinmu suke da nauyi.
A ƙasa wani ya buga ƙararrawa,
ta gaske ce, kin ji ta ke ma.
Na koma na ja birki.