Baturan Ɗakin Haihuwa

Daren Talata aka kwance su,
batura huɗu na hasken rana,
a ƙaramin asibitinmu na bayan Ƙofar Gayan.
Baba Ilu maigadi ya rantse bai runtsa ba,
amma na taɓa tabarmarsa, da ɗumi.

Kafin la'asar an kama Sagiru
a Tudun Wada, yana ciniki da mai gyaran janareta.
Tambarin gwamnati na nan a jikin kayan,
ko kankarewa bai yi ba.
Muka ce to, magana ta ƙare:
ga ɓarawo, ga kaya, ga shaidu.

Ashe yanzu aka fara.

Lauyan ƙaramar hukuma ya zo da jar jaka,
ya ce ginin namu ne,
ƙofar da aka ɓalle tamu ce,
mu za mu shigar da ƙara.
Sai aka bugo daga Kaduna:
da kuɗin jiha aka sayi baturan,
ga rasit, ku dakata tukuna.
Kowa da shafin da ya ba shi iko,
ba shafin da ya ce wa zai fara.

Fayil ya hau mota a Kwangila,
ya yi sati uku a teburin wani,
ya dawo da hatimi biyu da tabon shayi,
ya sake komawa.
Ni da ban wuce Jaji ba bana,
takarda ta fi ni yawo.

Kakata takan ce akuyar mutum biyu
da ƙishirwa take kwana,
kowa na zaton ɗan'uwansa ya ba ta ruwa.

Sagiru ya samu beli tun watan Rajab.
Shekaranjiya ma ya gaishe ni a bakin famfo,
har da rusunawa.
Baturan ne ke tsare
a ɗakin ajiyar shaida,
an rubuta musu lamba da alli,
cajinsu na tsiyayewa ba mai gani.

Daren jiya Lantana ta zo da naƙuda.
Na kunna fitilar waya, na cije ta da haƙora
don hannuna biyu na da aiki.
Da rabin gani na yanke cibi.
Mace ce, ta tsala kuka, na gode Allah.

Ba ruwana da wanda zai tsaya gaban alƙali,
ko mai jar jaka, ko na Kaduna.
Ku zauna a benci ɗaya ku daidaita.

Da asuba mijin Lantana ya tambaye ni
yaushe wuta za ta dawo.
Na goge wayar da gefen zanena,
na ce an ɗage zama sai bayan Sallah.