Lamba a Kan Ƙwarya

Ran Litinin aka miƙo mini fam arba'in,
da tambari, da tawadar da ta fara bushewa,
aka ce, Ɗanjuma, hau babur ka nufi Dabai,
duk mai tukunya a bayan gida ka rubuto ta.

Ni da ban taɓa kai ta baki ba,
ni aka aika in auno ƙarfinta.

Na tarar da Tabita tana juyi da muciya,
hayaƙin ƙirare ya rine mata ido,
tulu shida a jere a gindin ɗorawa,
kowanne na numfashi kamar mai barci.

Na ce, layin farko, sunan kaya.
Ta ce, burkutu, ko ka zo da wani?
Na biyu, abin da aka haɗa.
Ta ce, a da dawa ce zalla,
amma tun da gonar bayan dutse ta gagari shiga
mudu ya fi ƙarfin talaka,
sai nake cikawa da tsakin shinkafar Yawuri.
Rubuta, ban ɓoye ba.

Na uku, ƙarfinta kashi nawa cikin ɗari?
Ta yafito Saje Bawa daga kan benci,
tsohon soja mai ɗingishi.
Ya ce, ƙwarya ɗaya, ka tuna abokanka,
biyu, ka tuna waɗanda ba su dawo ba,
uku, ka manta hanyar gida.
Na duba fam sama da ƙasa,
babu gurbin wannan amsa.

Na huɗu, ranar lalacewa.
Ta yi dariya har ta dafa tulu.
Yau na tace, gobe ta yi tsami,
wace takarda za ta riga ta?
Lambar kuma a ina zan manna?
Ƙwarya ce, ɗan nan,
sau talatin take shiga ruwa a yini.

Haraji dai ba ya jiran amsa.
Ta kwance bakin zane ta ƙirgo dubu uku,
tsofaffin kuɗi masu laushin ganye,
ta ce, na jarrabawar Istifanus ne,
ka faɗa wa na ofis su san me suka ci.

Na buga tambari bai fito ba,
na hura masa iska na sake dannawa.
Ta soke rasit a jikin danga
kusa da na bara da ruwa ya cinye.

Da magariba Hajo ta sansana rigata,
ta ce, ina ka shiga?
Na ce, aikin gwamnati.
Ta tsoma ta a bokiti, ba ta ƙara ba.

Ƙarshen wata albashi zai faɗo a waya.
Ban san wace naira ce ta fito daga tulu ba.
Zan dai auno shinkafa,
wataƙila ta Yawuri.