Filayen Iska

Ran wata Laraba na sayar da babur ɗina,
wanda na yi kabu-kabu da shi shekara huɗu
daga Runjin Sambo zuwa Mabera,
na ƙirga kuɗin a shagon Modi mai gyaran waya.

Ban sayi tunkiya ba, ban kama fegi a Kwannawa ba.
Sunaye na saya, goma sha bakwai,
adireshin gidajen da ba a aza wa tubali ba,
can a intanet, inda ba a auna fili da igiya.

Taɓa-ka-biya ne na fari.
Sai Ɗora-waya, sai Ba-canji, sai Shafa-ka-wuce,
kowane da ɗigo a bayansa da 'yar wutsiya.

Don na gani da idona a wani kanti a Gawon Nama:
wata mata ta kai wayarta kusa da na'ura,
ba kati, ba lambar sirri, ba ɗari biyar mai faci,
abin ya yi kuka sau ɗaya kamar ɗan tsako,
ta ɗauki ledarta ta kama hanya.

Na ce a raina, gobe mai kilishi zai so haka,
da mai goro, da yaron da ke cajin batir,
kuma duk kamfanin da zai kawo musu
sai ya nemi sunan da bakin mutanenmu zai iya.
Ranar da ƙishi ya koro shi,
ni zai tarar zaune a bakin rijiya.

Baba ya zo daga Kware da buhun albasa biyu.
Na nuna masa. Ya daɗe yana duban gilashin.
"Mi kas saye?" Na ce suna.
"Ina iyaka tai? Wa am maƙwabcinka?"
Na ce babu. Ya gyara zama, ya yi dariya.

"Ni ma ina aje albasa cikin rudu
in jira ta yi tsada, ban ce ka yi wauta ba.
Amma in ta ruɓe, hancina ka gaya min.
Wanga naka in ya ruɓe, da mi kaka jiya?"

Shekara ta zagayo ba wanda ya yi sallama,
sai saƙo ɗaya da tsakar dare, da Turanci mai zaƙi:
zai saya da dala dubu biyar,
in dai na fara tura kuɗin mai kimantawa.
Modi ya karanta, ya miƙo min wayar,
ya ce ko a kara ba a biyan mai taya.

Sannan kuɗin haya ya taso,
ashe filin iska ma yana da mai gida,
kuma dala ta hau bishiyar da naira ba ta iya.
Na zauna da biro ina zaɓen wanda zai mutu.
Goma sha huɗu na saki a dare ɗaya.

Bayan wata biyar na leƙa Ba-canji, don kewa.
Wani ya shiga. Ya yi fenti kore,
ya sa hoton wata yarinya tana murmushi
da waya a hannu, tana biya.
Ban ci tuwo ba ranar, ba don ba miya.

Yanzu ina riƙe wa Modi na'urar cire kuɗi,
ina lallaɓa tsofaffin takardu da salatif.
Uku suka rage min. Ina duba su bayan Asuba
kamar mai leƙa akurki ko kaza ta yi ƙwai jiya.

Shekaranjiya direban Kware ya kawo min ƙulli,
tsumma ne, ciki dubu ashirin masu warin albasa,
da saƙon baki, ba takarda:
"Ka ce ma yaron nan, wancan na fari,
shi ƙara mai shekara ɗaya."